Ƙotar adaka, daga itace zuwa roba: abin da kalmomin bindiga ke koya mana a ƙasar Gangara

0. Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu ya samo asali ne daga wata gardama da ta tashi a cikin aji, a darasin fassara. Mun ba ɗalibai wata gajeriyar takarda ta faransanci, wadda ke bayanin yadda ake sake «crosse synthétique» ta irin bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Fassara iri uku aka kawo mana. Wasu sun rubuta «gindin bindiga na roba», wasu «itacen bindiga na roba», wasu kuwa suka gajarce, suka ce «bindigar roba». Ta farko ta faɗi rabin abu. Ta biyu ta ƙaryata kanta. Ta uku kuwa wani abu dabam ta faɗa, domin duk yaron da ya je kasuwa ranar jajibirin salla ya san bindigar roba abin wasa ce. Ɗalibi ɗaya kurum, ɗan ƙasar Gangara wanda ya tashi gidan mahalba, shi ya rubuta «ƙotar roba». Abokansa suka yi masa dariya, suka ce ƙota ta hauya ce da gatari.

Mu muna ganin shi ke da gaskiya, kuma za mu yi ƙoƙarin nuna dalili. Batun ya wuce wasan aji. Tun ranar 26 ga watan Maris 2025, da aka ƙaddamar da kundin da ake kira «Charte de la refondation», hausa ta zama halshen ƙasa a Nijar, faransanci da ingilishi suka zama halsunan aiki. Dokar farauta, takardun jandarma da na kotu, sanarwar rediyo, duka za su ƙara buƙatar kalmomin hausa tsayayyu. A irin waɗannan takardu, bambancin da ke tsakanin bindigar roba da bindiga mai ƙotar roba shi ne bambancin abin wasan yara da makami.

Mun bi ƙa'idar rubutun hausa ta 1999 da ake aiki da ita a Nijar, saboda haka ba mu nuna karin sauti ko tsawon wasali ba.

1. Gangara da bindigarta

Sunan Gangara ba na gari ɗaya ba ne. Ana samun shi a jahar Maraɗi, akwai kuma Gangara ta wajen Tanut a jahar Damagaram. Wadda muke nufi ita ce ta kudu maso gabashin jahar Maraɗi, mai iyaka da jahar Katsina ta Najeriya. Tsohon kanto ne da ya zama komin a 2002, ya kuma zauna cikin gundumar Agye har 2011, shekarar da aka mai da Gazawa gunduma. Hausar wurin katsinanci ce, wadda ake cewa «halbi» da «mahalbi» a inda Kano ke cewa «harbi» da «maharbi». Waɗannan siffofi ne za mu riƙe a nan.

Bindigar mahalban wannan yanki ba ta cin harsashin kamfani. Ana zuba mata albarushi ta baki, a danna, a bi da dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa, sannan a halba sau ɗaya. Cikin bututunta sumul yake, ba shi da zane, wato a faransanci «fusil» ce, ba «carabine» ba. Sassanta manya uku ne: bututun ƙarfe, ƙarafan da ke tada wuta, da itacen da ya haɗa su, wanda mahalbi ke tokarawa a kafaɗa.

Irin wannan makami ya daɗe a ƙasashenmu. A 1591 da shi sojojin Maroko suka ci Songhai a Tondibi. A ƙarshen wannan ƙarni na 16 ɗin Mai Idris Aloma na Barno yana da ƴan bindiga da Turkawa suka horar. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Babba Zaki (1768-1776) a matsayin sarkin da ya fara ajiye dogarai ƴan bindiga. A Damagaram kuwa, Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa, a zamaninsa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin birnin Zinder. Abin da ya sa wannan tsohuwar bindiga ta daɗe a hannun talakawa bayan Turai ta bar ta shi ne yarjejeniyar Burusal ta 1890: ta taƙaita shigo da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara marar zane da albarushin fatauci. Wannan ita ce «fusil de traite», wadda masana'antun Liyej da Bamingam suka ƙera da yawa. Daga baya maƙeran gida suka koyi gyaranta, sannan suka koyi ƙera ta.

2. Kalmomin aro da kalmomin gida

Idan muka jera kalmomin da suka shafi wannan bindiga, za mu ga sun rabu kashi uku.

Kashi na farko daga arewa da gabas ya zo, asalinsa larabci:

(1) bindiga < bunduƙiyya
(2) albarushi < al-barud
(3) harsashi < ar-rasas «dalma»

Abin lura a (1) shi ne ƙaf ɗin larabci ya koma «g». Wannan furuci ne na larabcin baka, na fatake da makiyaya. Kalmomin da suka shigo ta hanyar karatu «ƙ» ko «k» suke bayarwa, kamar a «alƙali» da «alƙalami». Barebari ma suna da kalmar da wannan «g» ɗin, abin da ya dace da tarihin da muka kawo a sama. A (2) da (3) harafin «al-» ya manne da kalmar har ya zama jikinta. Jam'in (3), «harsasai», ya nuna cewa «sh» ɗin tilo «s» ne da ya ganɗantu gaban wasalin «i».

Kashi na biyu kalma ɗaya ce, «adaka», wadda ke nufin akwati, take kuma nufin wannan bindiga. Mutanen Asante suna da «adaka» da ma'anar akwati. Kalmar tana nuna kudu ke nan, hanyar Gwanja ta fataken goro, wadda ke gangarawa zuwa bakin teku inda Turawa ke sauke bindigogin fatauci.

Kashi na uku na gida ne:

(4) baki, gindi, wuya
(5) kunama
(6) bindigar toka
(7) halba-ruga
(8) baushe
(9) ƙota

A (4) hausa ta yi abin da ta saba yi wa tulu da tukunya, wato ta ba abu gaɓoɓin jikin mutum. A (5) dabba aka aro: ƙarfen da ake ɗanawa ya lanƙwashe sama kamar wutsiyar kunama, yana jiran sara. Faransanci kare ya gani a wurin, ya ce «chien». A hausar yau «kunama» ta sauko ta koma sunan ɗan ƙarfen da yatsa ke ja, kamar dai yadda Faransawa ke cewa «gâchette» suna nufin «détente». (6) ta dubi kamannin albarushi. (7) harɗaɗɗen suna ne na aikatau biyu masu siffar umurni, kuma bayanin makamin ne gaba ɗaya: halbi ɗaya gare ka, in ka kuskure sai gudu, don ɗuri na biyu yana ɗaukar lokaci. (8) sunan itace ne, wanda masana tsirrai ke kira Terminalia, da ake yin baka da sanda da shi. Ko ta hanyar ƙota sunan ya bi, ko ta hanyar baka, itace ne ya ba makamin suna.

Wannan rabo ba haka kawai ya faɗo ba. Abin da aka saya daga nesa, wato makamin kansa da abincinsa, da sunan aro ya zo. Abin da hannun mutanen gari ke taɓawa, yana gyarawa, yana sakewa, sunan gida ya samu. A cikin sassan bindiga kuwa babu wanda aka fi sakewa kamar ƙota.

3. Mece ce ƙota?

«Ƙota» suna ne na jinsin mace, jam'insa «ƙotoci». A wurare da dama «ɓota» ake cewa. Abokiyar zamanta a kayan aiki ita ce «ruwa»: ruwan gatari da ƙotar gatari, ruwan wuƙa da ƙotar wuƙa. Ruwa na maƙeri ne, ƙota ta masassaƙi ce.

Hujjar ɗaliban da suka yi dariya ita ce, ƙotar hauya huda ta ake yi a soka ƙarfe a ciki, alhali bututun bindiga kwanciya yake yi bisa itace. Gaskiya ne, amma yadda ake haɗa ruwan lauje da ƙotarsa dabam yake da na gizago, na gizago dabam da na wuƙa, kuma duka ƙota ake ce musu. Hausa tana da wasu kalmomi na kusa. «Mariƙi» duk abin da ake riƙewa ne, har na ƙofa da na guga. «Hannu» na kofi ne da buta. Abin da ya ware ƙota daga cikinsu sharuɗɗa huɗu ne:

a) tana haɗe da ƙarfe mai aiki;
b) ita ce jikin mutum ke taɓawa;
c) ita ke ɗaukar ƙarfi tsakanin ƙarfen da jiki;
d) ana iya sake ta ba tare da abin ya zama wani ba.

Sharaɗi na ƙarshe ana iya gwada shi da jimloli:

(10) Na sake wa gatarina ƙota.
(11) ?Na sake wa gatarina ruwa.
(12) Adakar kakana ce, sau uku ana sake mata ƙota.

(10) da (12) daidai suke a kunnen kowane Bahaushe. (11) tana da nauyi, domin wanda ya sake ruwa sabon gatari ya yi. Wato a tunanin mai magana, ƙarfe shi ne abin, ƙota kuwa mai hidima ce, tana tsufa a sallame ta. Hukumomin Turai ma haka suka ɗauki lamarin: gidajen gwajin bindiga, kamar na Liyej da aka kafa a 1672 da na Bamingam na 1813, bisa ƙarfe suke buga hatiminsu.

Ba mu sa «itace» cikin sharuɗɗan ba, kuma da gangan ne. Za mu komo kan wannan a sashe na 5.

Faransanci ya yanka wannan abu ɗaya gunduwa-gunduwa. «Monture» shi ne dukan itacen. «Crosse» ɓangaren baya mai faɗi, ko da yake a maganar yau da kullum yakan ɗauki ma'anar duka. «Poignée» siririn wurin da hannun dama ke kamawa. «Fût» ɓangaren gaba da bututu ke kwance a kai. Asalin «crosse» sanda ce mai lanƙwasa, asalin «fût» kuwa «fustis» na latin, wato sanda ko kututture. Faransanci siffa da abin da aka yi da shi ya duba, hausa kuwa aiki ta duba. Wanda ya fassara «crosse» da «gindin bindiga» ya bi yankan faransanci, ya bar rabin itacen babu suna.

4. Yadda ake sake ƙota

Don mu fahimci sharaɗi na uku da na huɗu, sai mun je inda ake aikin.

Ƙotar adaka takan mutu ta hanyoyi sanannu. Mafi yawa a wuya take tsagewa, bayan kunama, inda itacen ya fi siranta, inda kuma aka fi rarake shi don ƙarafa su samu wurin zama. Sauyin yanayi yana taimakawa: da damina itace ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, sai zobban da ke riƙe bututu su saki. Bindigar da aka jingina a kusurwar ɗaki tun daga ƙarshen farauta gara takan same ta. Dattin albarushi kuma yana jawo laima, ga shi da ruwa ake wanke shi, ruwan yana bi ta ƙarƙashin bututu yana ruɓar da itace.

In tsagar ƙarama ce, ɗauri ake yi. Da, ɗanyar fata ake naɗawa, in ta bushe ta tsuke ta kama kamar ƙarfe. Daga baya waya ta shigo, sannan tsirin robar cikin taya. In tsagar ta ratsa wuya kuwa, sai sabuwar ƙota.

Aikin na mutum biyu ne. Maƙeri ke kwance ƙarafa, shi ke mai da su. Masassaƙi ke fid da itacen. Abin da ake nema ga itace uku ne: ya bushe sarai, kada ya cika nauyi, jijiyarsa kuma ta bi lanƙwasar wuya, kada ta gitta ta. Saboda wannan na uku gwani ya fi son reshen da ya tashi da ɗan lanƙwasa tun a bisa, kamar yadda mai neman ƙotar hauya ke neman reshe mai gwiwa. Kowane itace da halinsa. Ƙirya, wadda ake turmi da ita, maƙera kuma ke son gawayinta, ba ta jin gara, amma nauyinta yana gajiyar da mai yawon daji. Marke yana da tauri da juriya. Aduwa, itacen allo, tana da laushin sassaƙa da santsin fuska. Gawo ba ya daɗewa, ƙwari na cin shi. Bedi, wato dogon yaro, wanda aka kawo daga Indiya zamanin mulkin mallaka, yana ko'ina, ƙwari kuma ba su cika son shi ba. A Turai itacen «noyer» aka fifita, don ya haɗa matsakaicin nauyi da rashin motsi in yanayi ya sake.

Samun itacen kansa ya zama magana. Bayan farin 1973-1974 da na 1984-1985 manyan itatuwa sun yi ƙaranci a gonakin Maraɗi. Sassaben zamani, wato renon tohon da ke fitowa daga kututture, wanda ya yaɗu daga shekarun 1980 kuma ƙasar Agye ta yi suna a kansa, ya mai da itace gona, sai dai kalgo da sabara da gawo suka fi yawa a ciki, kuma ba su ne itatuwan ƙotar bindiga ba. Ga kuma dokar daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga watan Yuni 2004, wadda ta sa saran itatuwan da aka kare sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

In itace ya samu, masassaƙi yakan ɗora tsohuwar ƙota a kai ya zana, ya fid da siffa da gizago, sannan ya shiga aikin da ya fi cin lokaci, wato rarake makwancin bututu. Ana shafa wa ƙarfen baƙin tukunya, a kwantar da shi, a ɗaga. Duk inda baƙi ya kama itace, nan ne ya tokare, sai a kankare. Haka za a yi ta yi har ƙarfen ya zauna daram. Wurin da ba a wasa da shi shi ne gindin bututu, don nan ne duk ƙarfin halbi ke bugawa kafin ya wuce kafaɗa. In akwai ɗan rata a wurin, kowane halbi kamar bugun guduma ne, sabuwar ƙotar ma za ta tsage. Daga nan sai a gwada tsawon gindi da hannun mai ita, a goge da magagari, a shafa mai.

Mu lura da aikatau ɗin da ke fitowa: bututu yana «kwanciya», yana «zama», ƙota tana «ɗaukar» shi, bindiga tana «shuri» kamar jaki. Duka maganar dangantaka ce tsakanin ƙarfe da abin da ke tallafe da shi. Mu kuma ƙara da cewa sabuwar ƙota ba ta warkar da bututun da tsatsa ta cinye. Wanda ya fashe a hannu yakan tafi da yatsu ko ido.

5. Ƙotar roba

Takardar da muka ba ɗalibai ta wata duniya ce. A Amurka kamfanin Remington ya fid da bindiga mai ƙotar nailan a 1959, mai suna Nylon 66. A can ɗurin baki ya zama abin sha'awa, har jihohi da yawa suka ware masa lokacin farauta na musamman. A 1985 Tony Knight ya fid da MK-85, bindigar ɗurin baki mai siffar ta zamani, kuma ire-irenta masu araha yawanci da ƙotar roba ake sayar da su.

Amfanin robar a fili yake: ruwa ba ya kumbura ta, gara ba ta cin ta, ga araha, don zuba ta ake yi a mazubi. Aibinta uku ne. Na ɗaya, cikinta rami ne, in ta bugi reshe sai ta yi amo kamar ganga, nama ya gudu. Na biyu, ba ta da nauyi, kuma bindiga marar nauyi ta fi shuri: in aka rage nauyin bindiga da rabi, ɗuri bai sake ba, saurin komowarta baya ninkawa yake yi. Na uku, ɓangaren gaba yana lanƙwasawa, yau ya taɓa bututu ta nan, gobe ta can, saiti ya riƙa yawo. Masu gyara sukan cika ramin da soso ko wani abu mai nauyi, su sa sandunan ƙarfe a gaba don ya ƙage, su zuba gam mai tauri a makwancin bututu don ya ɗauki siffar ƙarfen. Da yake gam ba ya kama irin wannan roba sosai, sai an karce ta an huda ƙananan ramuka. Wanda ya gaji da wannan kuwa sai ya cire ta ya sa ta itace. Abin da Ba'amurke ke nema da gam shi ne abin da masassaƙin Gangara ke nema da baƙin tukunya: ƙarfe ya zauna.

Mahalbin Gangara ba irin wannan bindiga yake saɓawa ba. A wurinsa roba ta shigo ne a matsayin ɗauri, ko guntun takalmi da ake bugawa a gindi don rage shuri. Amma ya ga ƙotar roba jikin bindigogin soja, kuma sunanta bai ba shi wuya ba.

Kalmar «roba» daga ingilishi take, inda take nufin danƙo. A hausa ta faɗaɗa, ta haɗiye abin da faransanci ke kira «caoutchouc» da «plastique», har ta zama sunan mazubi, mai jam'i «robobi». Shigarta cikin tsofaffin sunaye abu ne da aka saba: tabarmar roba, butar roba, igiyar roba, har kwanon roba, ko da yake asalin kwano ƙarfe ne. Faransanci ma yana cewa «verre en plastique», kuma «fusil» kanta asalinta ƙyastu ne. Shugaban mahalba har gobe sarkin baka ne, ko da adaka yake yawo. Sunan da ya tsaya kan aiki ba ya mutuwa don an sake abin da ake yi da shi. Wannan ne ya sa «ƙotar roba» ta zauna lafiya, «itacen bindiga na roba» kuwa ta kasa.

Saura matsalar mahaɗi. Ɗafin «-n/-r» yana ɗaukar dangantaka iri-iri:

(13) ƙotar bindiga (yanki da uwarsa)
(14) ƙotar marke, ƙotar roba (abin da aka yi da shi)
(15) bindigar farauta (amfani)
(16) bindigar toka (abin da take ci)
(17) bindigar roba, harsashin roba (abin da aka yi da shi)

A (17) robar ta mamaye dukan sunan farko, shi ya sa ma'anar ta koma abin da ba na kisa ba. In yanki kurum ake nufi, dole a kawo «mai»:

(18) bindiga mai ƙotar roba

Akwai kuma wani tarko. Da «ƙota» da «bindiga» duka jinsin mace ne, saboda haka «ta» tana iya komawa ga kowace:

(19) ƙotar bindiga ta roba
(20) ƙotar roba ta bindiga

(19) tana da fuska biyu: ko ƙotar ce ta roba, ko bindigar. (20) fuska ɗaya gare ta, ita ya kamata mai fassara ya ɗauka. A takardar shari'a wannan ba ƙaramin abu ba ne. Farauta tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga watan Afrilu 1998, riƙe bindiga sai da izini, kuma tun 1994 akwai hukumar ƙasa ta tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Daga 2019, da rikicin ƴan bindiga na arewa maso yammacin Najeriya ya koro dubban mutane zuwa gundumar Gidan Rumji da maƙwabtanta, sunayen adaka da baushe da halba-ruga suka bar bakin mahalba suka shiga labaran rediyo da bayanan shaidu.

6. Shawara da kammalawa

Ga abin da muke ba da shawara a sa cikin ƙamus na fannoni:

monture, crosse (ma'ana mai faɗi): ƙota
crosse (tsukakkiyar ma'ana): gindin ƙota
poignée: wuyan ƙota
fût: gaban ƙota
canal du canon: makwancin bututu
plaque de couche: matokarin kafaɗa
baguette: sandar ɗuri
recul: shuri
chargement par la bouche: ɗuri ta baki
crosse synthétique: ƙotar roba

Hanyar da muka bi ita ce, mu ɗauki kalmar masu sana'a ta zama uwa, sannan mu yanka ta da gaɓoɓin jiki a inda faransanci ke buƙatar yanka. «Makwancin bututu», «matokarin kafaɗa» da «sandar ɗuri» mu muka harhaɗa su, bisa tsarin da halshen ya tanada. Kafin a buga su ya kamata a kai su gaban maƙera da masassaƙa da mahalba na Gangara da Gazawa da Agye, in suna da nasu a ɗauki nasu.

Darasin da muka ɗauka daga wannan gardama ya wuce bindiga. Mu da muka yi karatu cikin faransanci mukan fara da kalmar faransanci, mu nemi mata kishiya ɗaya tak a hausa, in ba mu samu ba mu ƙaga. Sau da yawa kalmar tana nan, sai dai a maƙera take ko a gindin itacen masassaƙi, kuma yankan da ta yi wa abin ba irin na faransanci ba ne. Muna roƙon abokan aiki da ɗalibai na Adar da Arewa da Damagaram su aiko mana da siffofin da ake ji a wurarensu, musamman rabon «ƙota» da «ɓota», da sunayen sandar ɗuri, domin mu haɗa su a fitowa ta gaba.